Man juye na sintetik: inda kuɗinsa ke fita da inda yake zama asara

Wani mai mota ya aiko da tambaya kamar haka: "Motata mai shan fetur ce, ta ci kilomita wajen 120,000. Tun da na saye ta man juye na yau da kullum nake zuba mata. Kwanan nan abokina ya ce ina cutar injin, in koma sintetik, kuma na saman nan mafi tsada wanda ake cewa yana kai kilomita 20,000 kafin a juye. Bakanikena kuwa ya ce kada in kuskura, zai sa injin yoyo. Wa zan bi, kuma ƙarin kuɗin ya cancanta?"

Malam, da abokinka da bakanikenka kowa ya kama wani gefe na maganar, amma babu wanda ya fara da abin da ya kamata a fara da shi: wane irin inji ne a cikin motar, wane mai littafinta ya ce a zuba, kuma wace irin tafiya take yi kullum. A nan amsar take. Kuma ka lura cewa hawa biyu ne a cikin tambayarka. Akwai tashi daga man minaral, wato na yau da kullum ɗin da kake zubawa, zuwa sintetik, akwai kuma tashi daga sintetik na tsaka-tsaki zuwa na ƙoli mai tsada. Hawa na farko, ga yawancin motocin da aka ƙera cikin shekaru 15 zuwa 20 da suka wuce, kuɗinsa na fita. Na biyu kuwa, mutane kaɗan ne ke cin moriyarsa.

Na daɗe ina sauke injuna ina leƙa cikinsu. Waɗanda mai ya kashe, da na bi sawun abin da ya faru sai in tarar ko dai an wuce lokacin juye da nisa, ko man ya ragu ba a duba geji ba, ko an zuba kaurin da bai dace ba, ko jabu aka saya, ko filtar iska ta yage ƙura tana shiga. Ban taɓa buɗe injin da ya buga don mai shi ya sayi sintetik na tsakiya maimakon na sama ba.

Bari mu fara da abin da ke cikin galan ɗin. Man juye abu biyu ne aka haɗa. Kaso mafi yawa, wajen kashi 75 zuwa 85 cikin 100, shi ne tushen man. Ragowar sinadarai ne da ake ƙarawa: masu wanke datti, masu riƙe baƙin hayaƙi kada ya dunƙule, masu kashe asid, masu hana ƙarfe cin ƙarfe kamar sinadarin zinki da fosfaras da ake kira ZDDP, masu hana kumfa, da masu hana man tsinkewa idan ya yi zafi. Kalmar sintetik tushen man kaɗai take siffantawa, ba ta faɗa maka komai game da waɗannan sinadaran ba, alhali su ne ke fara ƙarewa kafin man ya gaji.

Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen mai gida biyar. Rukuni na 1 shi ne tsohuwar tata, wanda ya fi sauran farar wuta da datti. Rukuni na 2 an tace shi da iskar haidirojin, farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 0.03 cikin 100, kuma shi ne tushen yawancin man minaral mai kyau a yau. Rukuni na 3 shi ma yawancinsa daga ɗanyen mai ya fito, sai dai an farfasa ƙwayoyinsa da matsanancin zafi da matsi aka sake jera su har suka kusa zama bai ɗaya. Rukuni na 4, wanda ake kira PAO, gina shi ake yi daga ƙananan ƙwayoyin sinadari a masana'anta. Na 5 kuwa shi ne duk abin da bai shiga huɗun farko ba, ciki har da esta, irin wanda injin jirgin sama na jet ke amfani da shi.

A da, idan an ce sintetik, rukuni na 4 da na 5 ake nufi. Da irinsu aka shigo kasuwar motoci: Amsoil a 1972, Mobil 1 a 1974. Amma a 1999 kamfanin Mobil ya kai ƙarar Castrol gaban hukumar da ke sasanta rigingimun talla a Amurka, saboda Castrol na sayar da man rukuni na 3 da sunan sintetik. Hukumar ta ce Castrol na da damar yin haka. Tun daga ranar kalmar ta zama ta kasuwa a yawancin ƙasashe, kuma galibin abin da ake sayarwa yau da sunan cikakken sintetik rukuni na 3 ne, wani lokaci da ɗan PAO a ciki. A Jamus ne aka fi tsaurarawa, inda ake bambanta wanda aka farfasa daga ɗanyen mai da wanda aka gina tun daga tushe. Wasu na jin wannan tarihi sai su ce ashe damfara ce. Ni ban ga damfara ba. Rukuni na 3 mai kyau, musamman wanda ake yi daga iskar gas kamar na masana'antar Pearl ta kamfanin Shell a Ras Laffan ta ƙasar Katar, yana dab da PAO a kusan duk abin da injin mota ke buƙata, sai a tsananin sanyi ne PAO ke ba shi rata. Abin da tarihin ke nuna maka kawai shi ne kalmar da aka rubuta da manyan haruffa a gaban galan ba ta isa a dogara da ita ba. Haka ma wanda ake kira rabin sintetik: babu wata ƙa'ida ta duniya da ta ce ga yawan sintetik ɗin da dole a sa a ciki.

To me sintetik ɗin ya fi minaral da shi a zahiri?

Babban abu shi ne juriyar zafi. Mai na tsufa ne ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin, kuma masu wannan sana'a na da ƙa'idar da suke lissafi da ita: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin wannan lalacewa sau biyu. A kwanon mai na ƙasan inji zafin kan tsaya tsakanin digiri 90 zuwa 110, amma a gefen fistin, wajen ringi na sama, yana wuce 200. Man minaral na da ƙwayoyi gauraye, manya da ƙanana, masu ƙarfi da raunana. Raunanan su ke fara ƙonewa su zama asid da guggubi, ƙananan kuma su ƙafe su bi hayaƙi. Akwai gwajin da ake kira Noack: a dafa man a digiri 250 tsawon awa ɗaya a auna abin da ya ƙafe. Ƙa'idar API ta yarda har kashi 15 cikin 100, ƙa'idar dexos1 ta kamfanin General Motors ta sauko da shi ƙasa da haka, ta Mercedes-Benz mai lamba 229.5 kuwa kashi 10 ta ce. Sintetik mai kyau ya fi minaral sauƙin tsallake waɗannan. Ma'anarsa gare ka ita ce ƙarancin shan mai tsakanin juye da juye, da ringin da ba ya maƙalewa da ƙanzo.

Na biyu shi ne riƙe kauri. Kowane mai yana tsinkewa idan ya yi zafi, ya yi kauri idan ya huce. Don minaral ya iya zama, misali, 10W-40 (lambar kaurin da ake rubutawa a jikin galan), sai an zuba masa sinadarin roba-roba da yawa wanda ke buɗewa idan zafi ya tashi. Juyawar inji tana yanka wannan sinadari a hankali, har man da aka zuba yana 40 ya koma yana aiki kamar 30 tun kafin lokacin juye. Sintetik tun asali kaurinsa ba ya sauyawa sosai da zafi, don haka ƙarin da yake buƙata kaɗan ne, abin da zai yanke ma kaɗan ne. Na uku shi ne gudana da sanyi, don ba shi da kakin da ke daskarewa. Wanda ke tada mota a ƙasar da ruwa ke ƙanƙara, wannan kaɗai ya ishe shi hujja. Wanda ke zaune a ƙasa mai zafi ba zai ga wani babban bambanci ta nan ba.

Akwai bincike biyu da nake so ka sani, don a ido kamar suna karo da juna. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada sintetik da minaral a ɗakin gwaji, ta ce a matsakaicin lissafi sintetik ya fi da kashi 47 cikin 100 a abubuwa irin su juriyar zafi, ƙafewa da tara datti. A 1996 kuma mujallar Consumer Reports ta wallafa sakamakon wani gwaji inda ta zuba mai iri-iri a motocin tasi 75 na birnin New York, kowace ta yi mil 60,000, sannan aka buɗe injunan aka auna. Ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin mayukan da suka cika ƙa'ida, har da sintetik. Dukansu gaskiya suka faɗa. Na farko ya nuna sintetik na da rarar ƙarfi mai yawa. Na biyu ya nuna cewa a inji mai sauƙin gini irin na wancan zamani, wanda ake yi wa juye a kan kari, ba a kai ga taɓa wannan rara. Tambayar da za ka yi wa kanka ke nan: injina da tuƙina suna kai mai bakin iyakarsa ko kuwa?

Akwai injunan da babu zaɓi a kansu. Duk injin da ke da turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska, yana ciki. Sandar turbo tana juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke juya ta a injin fetur yana iya kai digiri 900, kuma man juye ɗin nan naka shi ke sanyaya ta yana kuma hana ta cin boris. Idan aka kashe mota da zafinta bayan doguwar tafiya, man da ya tsaya a wurin sai ya dahu. Minaral ya zama ƙanzo ya toshe siririyar hanyar da mai ke bi, ranar da turbo ya rasa mai kuwa ya gama. Haka injunan da littafinsu ya ce 0W-20 ko 0W-16: da wuya a iya haɗa wannan kauri da tushen minaral, don haka ko ba a rubuta sintetik ba shi ake nufi. Haka motocin Turai da aka tsara su yi har kilomita 30,000 ko shekara biyu kafin juye. Haka motocin dizal masu matacin toka a salansa, waɗanda ke buƙatar mai maras toka da yawa, na jerin C a ƙa'idar ACEA ta Turai.

Ƙananan injunan fetur masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata cuta tasu, kuma ita ce ta fi nuna abin da nake son ka fahimta. Idan inji na juyawa a hankali aka taka totur da ƙarfi, wani lokaci fetur na kamawa da wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi. Bugu ɗaya irin wannan na iya tsaga fistin. Bincike ya gano cewa yawan kalsiyam a cikin sinadarin wanke datti na man juye yana ƙara jawo matsalar, sai masu haɗa mai suka rage shi suka cike da magnesiyam. Saboda wannan aka fito da matakin API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020, wanda ya ƙara da gwajin cin sarƙar taimin. Ka ga ke nan mai mai tsada, PAO zalla, amma na tsohon haɗi mai kalsiyam da yawa, zai iya zama hatsari ga irin wannan inji fiye da sintetik mai rahusa da ke ɗauke da SP. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka ka juya galan ɗin ka karanta bayansa. Abu uku kake nema. Kauri, wato lambobi irin 5W-30: ta farko mai W tana nuna gudanar man a sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Sai matakin API ko na ACEA. A API na injin fetur harafi na biyu ke hawa, SL, SM, SN, SP, kuma sabo yana maye gurbin tsoho. Sai amincewar kamfanin da ya ƙera motar idan littafin ya nema, kamar dexos1, ko VW 502 00 da 504 00, ko MB 229.5, ko Longlife-01 da Longlife-04 na BMW. A nan ka natsu, don akwai bambanci tsakanin galan da ya ce kamfani ya amince da shi da wanda ya ce shi dai a ganinsa ya cika sharuɗɗan kamfanin. Na farko an gwada an ba shi takarda, na biyu bakin mai sayarwa ne. API na da jerin mayukan da ta ba lasisi a shafinta na intanet, Mercedes-Benz ma haka, kowa na iya dubawa.

Maganar kauri kuwa, akwai kuskuren da ke damuna ƙwarai saboda yawan injunan da na ga ya nakasa. Mutum ya taɓa 5W-20 da yatsa ya ji shi kamar ruwa, ya ce wannan ba zai riƙe inji ba, ya zuba 20W-50. Injunan yanzu ratar da ke tsakanin ƙarafansu ƙanƙanuwa ce, kuma na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da matsin mai take aiki ta ƙananan ramuka. Mai mai kauri yana jinkirin isa wurin, musamman da tashin farko. Idan littafin ya ba ka damar zaɓa tsakanin kauri biyu ko uku gwargwadon zafin gari, ɗauki na sama a yanayin zafi ko ɗaukar kaya. Amma kada ka fita daga abin da ya lissafa.

Yanzu mu zo kan na ƙoli, wanda abokinka ke yaba wa. Me kake saya da ƙarin kuɗin? Yawanci ƙarin PAO ko esta a tushen man, ƙarin sinadaran hana tsufa da kashe asid, sai kuma suna da kuɗin talla. Biyun farko gaskiya ne, ba ƙarya ba. Amma kusan duk amfaninsu abu ɗaya ne: man ya daɗe a cikin inji bai gaji ba. Idan za ka juye shi a lokacin da za ka juye sintetik na tsakiya, ka zubar da rarar da ka biya a cikin bokitin baƙin mai.

Alkawarin kilomita 20,000 ɗin ma yana da sharuɗɗa a ƙananan haruffa: ko shekara ɗaya, duk wanda ya riga zuwa, a inji mai lafiya, kuma ban da tuƙin wahala. Ka duba littafin motarka ka ga abin da ake kira tuƙin wahala: gajerun tafiye-tafiye ƙasa da kilomita 8 inda inji ba ya gama ɗumi, tsayawa a cunkoso inji na silo, hanya mai ƙura, jan kaya, tsananin zafi ko sanyi. Yawancin masu mota a birane suna cikin wannan sahu ba su sani ba. Kamfanin Toyota a Amurka, misali, ya ba motocinsa da yawa masu 0W-20 mil 10,000, wato wajen kilomita 16,000, amma a tuƙin wahala ya mayar da su mil 5,000.

Dalilin kuwa shi ne mai ba tsufa kaɗai ke kashe shi ba, akwai abin da ke faɗawa cikinsa daga waje. Fetur da bai ƙone ba yana sulalewa ta gefen ringi ya tsinka shi. Ruwan da konewar fetur ke haifarwa yana taruwa idan inji bai yi zafin da zai ƙafar da shi ba, shi ne farin majina-majinar da ake gani a ƙarƙashin murfin mai. Ƙura tana shiga ta filtar iska, kuma yashi ce, ta fi ƙarfen silinda tauri. Injin dizal na zuba baƙin hayaƙi. Inda fetur ko dizal ke da farar wuta da yawa, asid na cinye sinadaran man da wuri. Babu PAO ko esta da zai fitar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Juye ne kaɗai ke fitar da su. Na taɓa buɗe injin wani da ke zuba mai mafi tsada da ake samu, amma gajerun tafiye-tafiye yake yi, kuma ya yarda da lambar da ke jikin galan ya bar man shekara ɗaya da rabi. Man da muka juye warin fetur yake yi, ya tsinke, sarƙar taimin ta miƙe tana kaɗawa. Da ya raba kuɗin nan gida biyu ya yi juye sau biyu da mai na tsakiya, da injin bai zo hannunmu ba.

Lissafin kuɗin kuma a kan kilomita ake yin sa, ba a kan galan ba. A ɗauka sintetik na tsakiya ya fi minaral tsada da rabi, amma yana ba ka damar kai cikakken wa'adin da littafi ya yanka maimakon ka riƙa juyewa da wuri don tsoron guggubi. Kowane juye da ka rage, ka rage kuɗin filta da na aiki. Sau da yawa a ƙarshen shekara sai ka ga kunnen doki aka yi, ko sintetik ɗin ya fi sauƙi, ga kuma inji mai tsabta. A ɗauka kuma na ƙoli ya ninka na tsakiya. Kafin kuɗinsa ya fita sai ka ninka nisan da kake yi da shi, kuma da filtar da aka yi don doguwar tafiya, tunda filta ta yau da kullum za ta cika tun man bai gaji ba. Idan motar na cikin garanti ma ba ka da wannan dama, wa'adin kamfani za ka bi komai tsadar man. Ragin shan fetur da ake tallatawa kuwa kaɗan ne, kashi 1 ko 2 cikin 100, kuma daga rashin kaurin man yake zuwa, ba daga tsadarsa ba.

Akwai waɗanda zan ce su saya ba tare da shakka ba: mai doguwar tafiya a kan babbar hanya kullum wanda ke cinye kilomita masu yawa a shekara, mai jan kaya masu nauyi a hawa da zafi, mai shiga filin tsere, mai zama inda sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili, da wanda ƙa'idar motarsa ba ta samuwa sai a irin waɗannan mayuka. Sai dai man da aka rubuta na tsere ne zalla kada ya shiga motar gida. Zinki da fosfaras ɗinsa sun yi wa matacin hayaƙi yawa, sinadarin wanke dattinsa kuma kaɗan ne don ba a yi shi ya daɗe ba.

Tsoron bakanikenka yana da asali, kada ka raina shi. Sintetik na farko-farko a shekarun 1970 ya sami matsala da roba: PAO na sa sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya ƙanƙance, wasu nau'ukan esta kuma na kumbura shi. An daɗe da gyara wannan, kuma yanzu gwajin dacewa da sil yana cikin sharuɗɗan ƙa'idojin da na ambata. Abin da kan faru a tsohon inji shi ne sil ya riga ya bushe ya tsage, guggubi ne ya liƙe tsagar. Sabon mai mai wanki ya share guggubin, yoyon da ke ɓoye ya fito fili. Injin da aka kula da shi, mai kilomita 120,000, ba tsoho ba ne da za a ji masa wannan tsoro. Ba ka buƙatar maganin wanke inji kafin ka sauya, ni ma ba na son sa a injin da ya tara datti, don yana iya ɓamɓaro guntaye su toshe ragar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Za ka iya komawa minaral daga baya idan ka ga dama, kuma idan mai ya ragu a hanya, ciko da kowane irin mai da kaurinsa ya dace ya fi tafiya da geji a ƙasa. Kada kuma baƙin launi ya ruɗe ka. Mai ya yi baƙi da wuri sau da yawa alama ce ta yana kwashe datti yana riƙe shi.

Jabu kuwa shi ne babban hatsarin mai neman na sama, don masu yin sa inda riba take suke bi, manyan sunaye masu tsada suke kwaikwayo. Galan na ƙoli da aka ba ka a farashin da ya yi araha fiye da kima, ka bar shi. Ka saya wurin dillalin da kamfani ya sani, ka duba hatimin murfi da lambar haɗi, kuma ka tsaya a buɗe shi a gabanka. Minaral na gaske ya fi sintetik na jabu nesa ba kusa ba.

Idan kana da babur ma, kada ka zuba masa ragowar man motar. A yawancin babura mai ɗaya ne ke zagaya inji da giya da kulos, kuma sinadaran rage gogayya da ke cikin man mota na sa kulos zamewa. Ƙa'idar man babur mai suna JASO MA ko MA2 za ka nema a jikin galan.

Game da motarka, ga abin da zan yi da tawa ce. In buɗe littafin in rubuta kauri da ƙa'idar da ya nema. Idan tana da turbo, ko littafin ya ce 0W-20 ko wata ƙa'idar kamfani, to abokinka ya yi gaskiya a rabin maganarsa: in koma sintetik a juye mai zuwa, kowane sananne da ke ɗauke da wannan ƙa'ida. Idan kuwa inji ne maras turbo da littafinsa ya yarda da 5W-30 ko 10W-40 na API kawai, minaral ɗin da kake zubawa bai cuce shi ba muddin kana juyewa a kan kari. Ko a nan ni sintetik na tsakiya zan ɗauka saboda zafi da cunkoso, amma ba gaggawa ba ce. Kafin in sauya, in cire murfin mai in haska ciki da tocila. Ƙarfe mai haske ko ruwan zuma lafiya ce. Idan na ga baƙar laka, juye biyu na farko in yi su da wuri, wajen kilomita 3,000, kowanne da sabuwar filta. In sa filtar mai da ta iska masu kyau, in duba bututun iska ko ya tsage, in riƙa jan geji duk mako biyu a wuri mai daidai bayan inji ya ɗan huce.

Idan har yanzu ranka na kan na ƙolin kuma kana so ka tsawaita wa'adi, akwai hanyar da masu manyan motoci ke bi. A lokacin juye ka tari man yana tsakiyar zuba, wajen mililita 100, a kwalba mai tsabta, ka aika ɗakin gwajin mai tare da adadin kilomitan da ya yi. Za su auna kaurinsa, yawan fetur da ruwan da ke ciki, sauran ƙarfinsa na kashe asid, da ƙarfe, tagulla da yashin da ya kwaso. Idan sakamakon ya nuna da sauran ƙarfi, ka ƙara kilomita 2,000 a zagaye na gaba ka sake aunawa. Idan ya nuna fetur ko yashi ya yi yawa, ka rage wa'adin ka sa bakanikenka ya duba nozul da hanyar iska.